Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tsofaffin Littattafan Jiragen Ruwa da Binciken Yanayi

 A wannan fitowa filin ilmin kimiyya zai kai mu teku. Za mu yi bayanin wani aiki da dubban mutane suka haɗu suka yi ba tare da an biya su ko sisin kwabo ba, wato kwafe tsofaffin littattafan da matuƙan jiragen ruwa suka rubuta fiye da shekara 100 da ta wuce, domin masana su san yadda yanayin duniya yake a wancan zamani.

Sau da yawa mukan ji tsofaffi na cewa ruwan da ya fi na yanzu, ko kuwa sanyin hunturun da ya fi na yanzu tsanani. Maganarsu abar saurare ce. Amma masanin kimiyya zai tambaya: ya fi da nawa? A wace shekara? A wane gari? Ba a iya amsa waɗannan tambayoyi sai da awon da wani ya yi a ranar, ya rubuta ya ajiye. To, a nan matsalar take. Kafin zamanin tauraron ɗan'adam, tashoshin awon yanayi ba su da yawa, kuma kusan duk a kan tudu suke, alhali kuwa kashi 71 cikin 100 na bayan ƙasa teku ne. Wane ne yake awo a tsakiyar teku a 1880 ko 1915? Babu kowa sai mutanen jirgi.

MENE NE LITTAFIN JIRGI?

Kowane jirgin sojan ruwa yana da wani babban littafi wanda doka ta tilasta a riƙa cika shi kullum, dare da rana. Turawan Ingila na kiransa "logbuk", kuma sunan yana da asali. A zamanin jiragen da iska ke turawa, in ana so a san gudun jirgi, sai a jefa wani guntun katako cikin ruwa, ɗaure da doguwar igiya mai ƙulli-ƙulli. Jirgi na tafe, igiya na warwarewa, wani na ƙirga ƙullin da ya wuce ta hannunsa, wani kuma na riƙe da kwalbar rairayi mai zubowa cikin kimanin rabin minti. Yawan ƙullin da ya wuce shi ne gudun jirgin. Sunan wannan katako ne ya bi littafin da ake rubuta lissafin a ciki, kuma har gobe da "ƙulli" ake faɗin gudun jirgin ruwa.

A jiragen sojan ruwan Birtaniya na lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ana raba aiki ne awa huɗu-huɗu. Duk hafsan da ya gama nasa tsaron sai ya rubuta awon yanayi kafin ya sauka, wato sau 6 ke nan a rana. Jiragen Amurka ma sun fi haka, don da yawansu kowace awa suke rubutawa. Ga abubuwan da ake cikawa:

Na farko, inda jirgi yake, ko dai sunan tashar da ya tsaya, ko lambobin da ke nuna matsayinsa a taswira.

Na biyu, inda iska ta fito da ƙarfinta. Ana auna ƙarfin ne da ma'aunin da wani hafsan ruwa, Francis Beaufort, ya tsara a 1805, daga 0 zuwa 12. Sifiri shi ne iska ta kwanta ɗif, 12 kuwa guguwa ce mai kifar da jirgi.

Na uku, halin sararin sama. Ba sa rubuta dogon bayani, harafi ɗaya ya isa: akwai na sama garau, akwai na gajimare, akwai na ruwa, akwai na hazo.

Na huɗu, zafin iska da zafin ruwan teku. Shi na ruwa, guga ake zurawa a ɗebo, a tsoma ma'aunin zafi a ciki.

Na biyar, kuma shi ne masana suka fi nema, nauyin iska. Kada ku yi mamaki, iskar da ke kanmu tana da nauyi, kuma nauyin yana ƙaruwa yana raguwa. Ana auna shi da wata na'ura, baromita, wadda doguwar kwalba ce siririya mai zaiba a ciki. A bakin teku zaibar kan tsaya wajen inci 30. In ta fara sauka da sauri, matuƙi ya san hadari ko guguwa na tafe. In ta hau, sama za ta washe.

A ɗaya gefen shafin kuma ana rubuta al'amuran yau da kullum: tan nawa na kwal aka loda, mutum nawa ne ba su da lafiya, wane jirgi aka hango, wa aka hukunta, me ya faɗa ruwa ya ɓace.

Mutanen nan ba don mu suka yi wannan rubutu ba. Don tsira da rayukansu suka yi, da kuma bin dokar aiki. In tafiya ta ƙare sai a miƙa littafin ga hukuma a ajiye. Haka suka yi ta taruwa, dubbai a kan dubbai, a ma'adanar takardun gwamnati ta Kew da ke Landan, da takwararta ta birnin Washinton.

WANDA YA FARA GANE AMFANINSU

Tun da daɗewa aka san akwai dukiya a cikin waɗannan littattafai. A 1842 aka ba wani hafsan sojan ruwan Amurka, Matthew Maury, riƙon ofishin taswirori da kayan awo. Can ya tarar da tulin tsofaffin littattafan jirage an jibge, ba mai duba su. Sai ya zauna da ma'aikatansa suka tsamo labarin iska da na igiyar ruwa, wata-wata, wuri-wuri, suka zana taswirori waɗanda aka fara bugawa a 1847. Matuƙan da suka bi taswirorin sai ga shi suna rage kwanaki masu yawa a tafiyarsu. Ganin haka, a 1853 aka yi taron ƙasashe a birnin Burasel, aka amince kowa ya riƙa yin awon teku da tsari iri ɗaya. Shekara guda bayan nan, a 1854, Birtaniya ta kafa ma'aikatarta ta yanayi a ƙarƙashin Robert FitzRoy. Saboda wannan yarjejeniya ce yau ake iya gwada awon jirgin wata ƙasa da na wata.

YADDA AIKIN SA KAI YA FARA

Duk da haka, mafi yawan awon yana nan kwance a takarda. Kwamfuta kuwa ba ta aiki da abin da ba a shigar mata ba. Ɗaukar hoton shafi abu ne mai sauƙi. Karanta shi ne aiki. Rubutun hannu ne na mutane daban-daban, wani a karkace, wani tawada ta dushe, wani an yi shi jirgi na tangaɗi, wani ruwa ya jiƙa shi. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta tsohuwar takardar ajami ta kakansa ya san irin wannan wahala: sai ido ya saba da hannun marubucin tukuna. Na'urorin karatu na lokacin sun kasa, kuma in an ce masana ƙalilan su zauna su kwafe, sai su tsufa ba su gama ba.

To, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A watan Oktoba na 2010 aka buɗe wani shiri a intanet mai suna Old Weather, wato "tsohon yanayi". Waɗanda suka haɗu suka kafa shi sun haɗa da ma'aikatar yanayi ta Birtaniya, da Jami'ar Okusfod, da gidan tarihin harkokin teku na ƙasar, a ƙarƙashin dandalin Zooniverse, inda jama'a ke taimaka wa masana da aikin bincike. Masanin yanayi Philip Brohan na cikin jagororinsa. Aka ɗora hotunan shafukan jiragen yaƙin Birtaniya na tsakanin 1914 da 1923, aka ce duk mai so ya zo ya taya.

Aikin ba ya bukatar digiri. Mutum zai zaɓi jirgi, a nuna masa shafi ɗaya, ya karanta kwanan wata da wurin da jirgi yake, sa'an nan ya bi layi-layi yana buga lambobin a cikin gurabun da aka tanada. In ya gama sai a ba shi shafin washegari. Da haka yake bin jirgin daga tasha zuwa tasha kamar yana ciki. Don ƙara armashi, an yi wa masu aikin muƙamai: sabon shiga kurtu ne, in ya yi ƙoƙari ya zama laftana, wanda ya fi kowa aiki a jirgin kuma shi ne kyaftin.

Jama'a suka amsa kira: 'yan fansho, da ɗalibai, da matan aure, da tsofaffin sojan ruwa, daga ƙasashe da dama. Ya zuwa watan Yuli na 2012, mutum kimanin 16,000 sun gama jirage kimanin 300, sun fitar da awo 1,600,000.

YAYA AKE TABBATAR DA GASKIYA?

Wani zai ce, ai mutumin da ba masani ba zai yi kuskure. Gaskiya ne, kowa na yi. Lamba 1 da 7 kan yi kama a rubutun hannu, haka 3 da 8. Maganin da aka yi shi ne, kowane shafi mutum uku ne ke kwafe shi, ba wanda ya ga na wani. In duka ukun suka dace, an karɓa. In suka saɓa, sai a sake dubawa. Da wuya mutum uku su yi kuskure iri ɗaya a gurbi ɗaya.

Akwai kuma kuskuren da ke cikin littafin tun asali. Wani lokaci hafsa ya gaji, ya rubuta gabas a maimakon yamma, sai a ga jirgi ya bayyana a tsakiyar hamada. Ƙa'idar masu kwafe ita ce: rubuta abin da ka gani, kada ka gyara da kanka. Gyara aikin masana ne, waɗanda za su gwada awon yau da na jiya, da na jiragen da ke kusa.

Har kayan awon ma sai an san halinsu. Ku ɗauki misalin gugan nan. Da farko na katako ake amfani da shi, daga baya aka koma na tamfol. Gugan tamfol kuwa kamar randar ƙasa yake: ruwa na tsatsafowa, iska na busawa, sai na ciki ya yi sanyi kafin a gama awo. Bayan nan aka koma auna ruwan da ake zuƙowa don sanyaya injin jirgi, shi kuma yakan ɗan fi zafi. In ba a lura da wannan ba, sai a zaci teku ce ta canza, alhali guga ne aka canza. Don haka masana kan yi lissafi su daidaita awon kowane zamani.

LITTATTAFAN DA AKA JA A KAN ƘANƘARA

A 2012 shirin ya koma kan jiragen Amurka da suka yi yawo a tekun Arewacin duniya mai ƙanƙara, tare da hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka da ma'adanar takardun ƙasar. A cikinsu akwai jirgin da labarinsa ya cancanci a ji, mai suna Jeannette.

Jirgin ya tashi daga San Faransisko a watan Yuli na 1879, a ƙarƙashin George De Long, da niyyar kaiwa ƙuryar Arewa ta duniya. A watan Satumba ƙanƙara ta kama shi. Ya yi wata 21 a maƙale, ƙanƙarar na yawo da shi inda ta ga dama, amma ba a daina awo da rubutu ba. A watan Yuni na 1881 ƙanƙara ta matse jirgin ya nutse. Mutanen suka shiga jan kwale-kwale uku da abincinsu a kan ƙanƙara, suka nufi gaɓar Siberiya. Kowane kaya nauyi ne, ga yunwa ga sanyi, amma De Long bai yarda a yar da littattafan ba. Da suka samu ruwa suka shiga kwale-kwalen, guguwa ta raba su. Ɗaya ya ɓace har abada. De Long ya kai bakin kogin Lena, ya ɓoye littattafan a kusa da gaɓa, daga baya shi da mafi yawan mutanensa suka mutu da yunwa. Mutum 20 cikin 33 ba su koma gida ba. Injiniyan jirgin, George Melville, wanda ya tsira, shi ya koma ya nemo littattafan.

Bayan shekara 130 sai ga masu aikin sa kai suna karanta su shafi-shafi. Amfaninsu kuwa babba ne, domin tauraron ɗan'adam bai fara auna ƙanƙarar teku a kai a kai ba sai wajen 1979. Ana ganin tana raguwa tun daga nan, amma in ana so a san iyakarta a ƙarni na 19, sai an koma ga wanda ya je ya gani da idonsa. Saboda wannan dalili ne a 2015 aka ƙara da littattafan mafarautan wel, ƙatuwar dabbar tekun nan da ake tatsar mai daga jikinta, don su ma a bakin ƙanƙara suke farauta.

ME AKE YI DA LAMBOBIN?

Ana zuba su cikin manyan rumbunan awo na duniya, sa'an nan a ba irin kwamfutar da ke hasashen yanayin gobe. Sai dai a nan baya ake sa ta ta duba. Dalilin da ya sa nauyin iska ya fi daraja shi ne, iska kan taso ne daga inda nauyinta ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan. In an san nauyin a wurare da dama a lokaci guda, kwamfuta na iya lissafa inda iska ta nufa da inda guguwa take, har a wuraren da ba kowa.

Wani babban aiki irin wannan da masanan Amurka suka fitar a 2019 ya zana taswirar yanayin duniya ta kowace awa 3, daga 1836 zuwa 2015. Kwamfutar kan zana taswira 80 ta kowane lokaci. Inda awo ya wadata, duka 80 sukan dace. Inda babu awo, kowace sai ta kama gabanta. Brohan kan lulluɓe irin waɗannan wurare da launin hazo a taswirorinsa. Duk jirgin da aka kwafe littafinsa, sai a ga hazon ya yaye a kan hanyar da ya bi.

TO, INA RUWANMU?

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa, mu da ba mu da teku, ina ruwanmu? Ruwanmu kuwa a ciki yake, don daminarmu daga teku take zuwa. Iskar da ke tasowa daga kudu maso yamma, daga tekun Atlantika, ita ke ɗauko danshin da ke zama hadari a kanmu. In ta yi ƙarfi ta shigo can ciki, an yi damina mai albarka. In ta yi rauni, sai fari.

Bayan farin 1972 zuwa 1973, da na 1983 zuwa 1984, an yi ta neman dalili. A 1986 wasu masana uku na ma'aikatar yanayi ta Birtaniya suka gwada ruwan saman yankin Sahel da zafin tekunan duniya, suka ga cewa shekarun da tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumama, su ne shekarun da ruwa ke ƙaranci a wajenmu. Awon zafin tekun da suka yi aiki da shi kuwa na jiragen ruwa ne. Kun ga ke nan, duk wanda ke son fahimtar farin da ya jawo yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, dole ya nemi sanin halin da teku take ciki a shekarun. Da irin wannan sani ake gwada na'urorin hasashe: wadda ta iya faɗin abin da ya riga ya faru daidai, ita za a fi amincewa da ita in ta yi maganar damina mai zuwa.

Akwai ma wata alaƙa da aka tsinta ba nemanta aka fita ba. Masu kwafe littafin wani jirgin yaƙi mai suna Africa sun lura da gurbin marasa lafiya lokacin da yake tsaye a Firitawun ta Saliyo, a watan Satumba na 1918. Daga 'yan mutane ƙalilan, cikin kwanaki sai ga ɗaruruwa a kwance, kuma fiye da 50 suka mutu. Wannan ita ce annobar murar da ta game duniya. A cikin watan ne ta sauka Legas, ta biyo hanyar jirgin ƙasa ta iso Arewa, inda tsofaffi suka riƙe ta da sunan Marisuwa. Ashe an je neman labarin iska, sai aka haɗa da tarihin mutane.

KAMMALAWA

Wannan dabara ta yaɗu. A watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gida, Farfesa Ed Hawkins na Jami'ar Reading ya nemi a taya shi kwafe tsofaffin takardun awon ruwan sama na Birtaniya. Mutum 16,000 suka kwafe awo fiye da miliyan 5 cikin kwana 16, har aka gano cewa 1855 ce shekarar da ta fi kowace ƙarancin ruwa a tarihin awon ƙasar. Yanzu na'urori sun fara iya karanta rubutun hannu, amma da abin da mutane suka kwafa ake koya musu, da shi kuma ake duba ko sun yi daidai.

Ɗalibai, ku ma kuna iya gwada irin aikin mutanen jirgi a wannan damina. Ku sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya. Ku kafa shi a fili, nesa da indararo da inuwar itace, inda akuya ba za ta ture shi ba. Kowace safiya a lokaci ɗaya ku tsoma rula ku auna zurfin ruwan da milimita, ku rubuta kwanan wata da sunan unguwarku da abin da kuka samu, sa'an nan ku zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba ku rubuta sifiri, kada ku bar gurbin fayau, don mai karatu na gaba ba zai san ko ruwa ne bai zo ba, ko mai awo ne ya makara. Ku rubuta lambobinku sarai, ku ajiye littafin inda gara ba za ta kai ba. In kaka ta yi, kowane aji ya kawo jimlarsa mu gwada.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. A huta lafiya.